Daga Kabuga Zuwa Tofa A Kan Keke

Ba sha'awa ce ta mayar da ni kan keke ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafin man fetur, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, na jingine babur ɗina a zaure, na kakkaɓe tsohuwar Raleigh da mahaifina ya bari. Mai faci ya sauya mata kaca da tayoyi, ya ɗaure birki, ya ce in Allah ya yarda za ta kai ni Makka. Makka dai ba mu je ba tukuna, amma a wata Asabar ta watan Nuwamba ta kai ni ƙauyenmu da ke ƙasar Tofa, inda Baffana ya aiko in zo a yi maganar gona.

Na bar Kabuga bayan sallar Asuba, na miƙi titin Gwarzo. Daga nan har Rijiyar Zaki mai keke ba shi da gata. Ɗan A Daidaita Sahu ya matse ka, tifar yashi ta watsa maka ƙura, ka gangara gefen titi ka tarar mai shayi ya riga ka da teburinsa. An faɗaɗa titunan Kano, an yi gadojin sama da na ƙasa, amma ban ga inda aka ware ko taku uku domin mai keke ba, alhali leburori da ɗalibai da masu kai madara da ke bin wannan hanya kullum ba su ƙirguwa. Sai da na wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, na doshi Janguza, sannan kafaɗuna suka sauka.

Bayan barikin soja na bar kwalta na bi turbar gonaki. A nan ne keke ke biyan mai shi wahalarsa, domin tafiyarsa daidai take da ganin ido. Dawa ta nuna, kawunanta sun sunkuya. An riga an ɗaure gero, karan yana jingine a gindin bishiya, harawar wake kuma na bisa rassa inda akuya ba ta kaiwa. Ba ka yin tafiyar minti biyar ba ka ga gida ko rumbu ko rijiya ba, kuma babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tofa mutum dubu 97 da 'yan kai, a ƙasar da ba ta fi murabba'in kilomita 200 da kaɗan ba. Duk da wannan cunkoso, gonakin cike suke da itatuwa: ɗorawa, kuka, tsamiya, da gawo wanda ke zubar da ganyensa da damina don kada ya tare wa shuka rana, ya sake tofo yanzu da dabbobi ke bukatarsa.

Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan karkara ta kewayen Kano tun a shekarun 1960. Abin da ya ba masana mamaki a bincikensa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Kakanninmu ba su ga abin mamaki a ciki ba. Jakuna na kai itace da hatsi birni, su komo da mangalar taki daga jujin unguwanni. Birni na ci daga ƙauye, ƙauye na ci daga sharar birni. Yau sharar ta cika da leda, manomi sai ya tsince ta da hannu kafin ya watsa.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne ƙananan duwatsun siminti da na riƙa gani a tsakiyar gonaki, jere a layi, tun daga wajen Langel. Ko ba a gaya maka ba ka san an yi awo. Wata gonar an kewaye ta da bulo layi uku an tafi an bar ta, ba gida ba shuka, sai tumfafiya. Mai ita yana birni yana jiran ƙasa ta yi tsada.

Na isa da hantsi. Baffa na zaune a zauren da kakanmu ya gina, kuma ina shiga na ji sanyin nan da ɗakin kwano bai san shi ba. Katangar tubali ce mai kauri, ta fi kamu guda a gindi, tana sirancewa zuwa sama. Rufin azara ne na giginya, wadda gara ba ta ci, an jera ta an bi da ƙasa. A da, duk shekara bayan kaka ake yaɓe, a shafe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, a gyara indararo kafin ruwa ya sauko. Yanzu zanko ɗaya ya karye, bangon gabas ya zaizaye. Na tambayi dalili. Baffa ya ce maginin da ya san aikin ya rasu, 'ya'yansa kuma bulo suke bugawa a Rijiyar Zaki. Ban ga laifinsu ba. Ginin ƙasa na neman hannu duk shekara, hannuwan kuma sun tafi neman kuɗi.

Bayan an kawo fura, ya shiga maganar. Dillalai sun zo sau uku. Za su yanka gonar gado fuloti-fuloti, kuma kuɗin da suka ambata ya fi abin da dawar gonar za ta kawo a shekara ashirin. Magada mu goma sha ɗaya ne. Biyu na da 'ya'ya mata da za su aurar, ɗaya na jinyar matarsa, ɗaya na son sayen babur mai ƙafa uku.

Na ce, “Baffa, in aka sayar, me za a ci baɗi?”

Ya dube ni, ya dubi keken da na jingine a ƙofa. Ya ce, “Ɗana, kai da kake cin albashi, sau nawa ka zo ka riƙe fartanya a gonar nan?”

Ban da amsa. Na zo da hujjojina a shirye, har da na Bature, amma duk wanda zai ce kada a sayar, ya kamata ya iya cewa ga abin da zai ba mai jinya a madadin rabonsa. Abin da na iya roƙa shi ne a raba gonar biyu, a sayar da ɓangaren da ke bakin hanya, a bar na ciki inda ɗorawa uku suke, ni kuma in ɗauki nauyin yaɓen zaure bana, in an sami wanda ya iya. Baffa ya ce zai tara sauran bayan sallar Juma'a, ya ji ta bakinsu.

Da La'asar ya sa aka ɗaura mini rabin buhun gero a kariya. Nauyin ya sa gaban keken na rawa a cikin yashi, sai na sauka na tura shi har bakin kwalta. Magariba ta riske ni a Janguza, ga shi ba ni da fitila.