Wa ya fi sanin halin likita?

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran asibitocinmu, gini da na'urori da albashi ake lissafawa. Ba kasafai ake taɓo halin likita ba: yadda yake magana da majinyaci, ko yana zuwa idan an kira shi da dare, ko yana sauraron nas idan ta ce masa akwai matsala. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe yana cika fom ɗin APER, kuma daga nan nake kallon maganar.

Duk ma'aikaci ya san yadda abin yake. Ƙarshen shekara ka cika ɓangarenka, ka kai wa oga ya ba ka maki. In ya rage maka, gobe za ku haɗu a masallacin unguwa, jibi a wajen ɗaurin aure. Shi ya sa kowa na ƙwarai ne a takarda, har da wanda sai ranar tantance ma'aikata ake ganin ƙeyarsa.

To a asibiti abin ya fi haɗari, don rai ne a tsakani. Babban likita yana ganin na ƙasa da shi ne lokacin zagayen safe, sa'ad da kowa ya shiga taitayinsa. Waɗanda suka san abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare su ne nas da ungozoma da mai ba da magani da ma'aikacin ɗakin gwaji, har da mai ba da kati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba mai tambayarsu.

Wasu ƙasashen sun daɗe da fara tambayar. A lardin Alberta na Kanada, tun 1999 aka fito da tsarin da likitoci takwas, da ma'aikatan da ba likitoci ba takwas, da majinyata 25 ke cika takardar tambayoyi a kan likita ɗaya. A Ingila kuwa, tun Disambar 2012, duk bayan shekara biyar sai an sake tantance likita kafin ya ci gaba da aiki, kuma ra'ayin abokan aiki da na majinyata na cikin abin da ake dubawa. Mu a nan muna da hukumar MDCN mai kula da likitoci tun 1963, muna da SERVICOM tun 2004, an kuma ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata a 2018. Amma galibi ƙorafi suke jira, shi kuwa ƙorafi sai bayan an yi ɓarna yake zuwa. Mutanenmu ma ba su cika kai ƙara ba, sai dai su ce sun bar wa Allah.

Sai dai in aka kwaso fom ɗin Turawa aka dire a Zazzau yadda yake, wallahi wata APER ɗin za a sake haifa. A cikin birni, daga Kwarbai zuwa Kaura zuwa Limancin Kona, da wuya ka samu mutum biyu da ba dangantaka, ko auratayya, ko makarantar allo da ta haɗa su. Muna da kara, muna da kunya, kuma ba ma son a ce mu ne sanadin raba wani da abincinsa. Dole tsarin ya san da wannan.

Na farko, kada a tambayi ko likita mutumin kirki ne, don kowa zai ce eh. A tambayi abin da ido ya gani. Idan an kira shi cikin gaggawa yana zuwa? Yana yi wa majinyaci bayani da Hausar da zai gane? Yana sakaya asirin mara lafiya? Yana miƙa aiki da cikakken bayani kafin ya tashi? Ya taɓa yi maka tsawa a gaban majinyaci?

Na biyu, kada likita ya zaɓi duk masu cika masa, abokan shan shayinsa zai kawo. Ya zaɓi wasu, asibiti ya zaɓi sauran, kuma a tabbatar da na ƙasa da shi suna ciki.

Na uku, sirri. A ƙaramin asibiti, rubutun hannu ma ya isa ya tona mutum. A cika ta waya, wani ofishi na waje ya tattara, kuma kada a nuna sakamako sai masu amsa sun yi yawan da ba za a iya cewa wance ce ta faɗi kaza ba. Nas ɗin da ke tsoron a tura ta ƙauye ba za ta faɗi gaskiya ba.

Na huɗu, kada a fara ɗaura shi da ƙarin girma. Da zarar maki ya zama kuɗi, sai a koma ka cika mini in cika maka, masu gaba kuma su samu wuƙar yanka. A fara da gyara: babba ya zauna da likitan su biyu, a nuna masa inda ya yi kyau da inda ake kuka da shi, a sake dubawa bayan shekara.

A yi wa likitocinmu adalci kuma. Abokansu da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, waɗanda suka rage suna ɗauke da aikin mutum uku. Wanda ya kwana a tsaye, da safe ya tarar da layi har waje, dole fom ɗin ya tambayi halin da yake aiki a ciki. Kuma akwai likitocin da ke zaro kuɗin aljihunsu su saya wa talaka magani, ba takardar da ke rubuta wannan. Irin wannan tsari su zai fara amfana.

Zariya ce ta dace ta fara gwadawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya yaye likitocin da suka bazu a Arewa, kuma halin da ɗalibi ya gani a wajen malaminsa shi yake tafiya da shi. A gwada a sashe ɗaya a can, da kuma asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, shekara guda, a ga abin da zai fito.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.