Kek ɗin Goggo

A Danja ta ƙuruciyarmu, gidan da ya yi cincin da alkaki da sallah ya fita kunya. Kek kuwa sai 'yan gidaje ƙalilan, namu na ciki albarkacin Goggo, wadda ta koyo shi wurin maƙwabta lokacin zamanta a Sabon Garin Zariya.

Fulawa da bota daga Funtua ake sayo su. Sukari kuwa ba ta ko kallonsa. Garin rake ne namu, don haka mazarƙwaila take daddatsawa ta narka, ita ke ba kek ɗin duhu da danshi. Tun daren jajibere take cire ƙwallon dabino, busasshen nan na Agadas mai karya haƙori, ta jiƙa shi a baƙin shayi tare da zabibin da alhazai suka kawo tsaraba. Turawan Ingila a giya suke jiƙa nasu na Kirsimeti, mu shayi ya wadatar. Kafin asuba ya sha ya kumbura, ya yi luguf.

Mu yara aikinmu bugun bota da ƙwai da muciya, har damtse ya yi tsami. Sai ta zuba citta da gyaɗar ƙamshi, ta cika gwangwanayen madara zuwa rabi, ta jera su a kan yashin da ke cikin babbar tukunya. Garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Nan rigimar take, don ba ta yarda a fifita wuta.

"Goggo, a ƙara gawayi?"

"Kul! So kake ya ƙone a waje, ciki ɗanye?"

Sai ta soka tsinken tsintsiya, in ya fito ba ƙullu a jikinsa, a sauke.

A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada. Goggo ba ta fasa ba. Ta rage fulawa, ta ƙara dabino da soyayyar gyaɗa, kuma wallahi na wannan sallar ya fi na baya daɗi. A haka ta ci gaba da yinsa har bayan fulawa ta wadata.

Tana naɗe shi a takarda ta rufe a kwanon samira, ba mai taɓawa sai kashegarin sallah. Mai son gwadawa ya jiƙa dabinonsa tun dare, ya rage wuta, kada kuma ya ci shi ranar da ya sauke.