Tsuntsaye Masu Zobe a Ottenby

A watan Satumba muka sauka a Ottenby, can ƙarshen kudancin tsibirin Oland na ƙasar Suwidin. Wuri ne mai iska da sanyi, ga teku hagu da dama, ga wata doguwar hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Tun shekarar 1946 aka kafa tashar nazarin tsuntsaye a nan.

Da kaka, tsuntsayen arewa kan taru a wannan tsini kafin su ƙetare teku su nufo kudu. Tun da asuba ake ɗana raga. Masu aikin, galibinsu matasa 'yan sa kai, sukan ciro tsuntsu a hankali, su auna fiffikensa da nauyinsa, su maƙala masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su rubuta, su sake shi. Wani ɗan mitsitsi da aka ɗora mana a tafin hannu bai kai giram 10 ba, amma Sahara zai ƙetare. Ikon Allah!

Irin waɗannan baƙi ne ke yada zango a ƙasashenmu, har bakin Tafkin Chadi. Sai an sake ganin zoben ake sanin hanyar da suka bi.

To jama'a, idan aka tsinci tsuntsu mai zobe a gona ko a komar masunta, ba laya ba ce, kada a jefar. Zoben Suwidin yana ɗauke da rubutun Riksmuseum Stockholm. A kwafi lambar, a haɗa da rana da sunan gari, a aika musu. Suna can suna jiran labari.