Daga Gwandu Zuwa Bakin Teku: Abin da Muka Gani a Kwatano

Mutumin Kabi ba baƙon ruwa ba ne. Mun san gulbi, mun san fadama, mun ga yadda masunta ke afkawa Matan Fada a Argungu da homa da gora. Amma duk ruwan da muka sani yana da tsallake: ka tsaya a wannan gaɓa, ka hangi mutum a waccan. Ruwan da ba shi da tsallake shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ranar da na tsaya gabansa a Kwatano, ni da maiɗakina, mun daɗe bakinmu bai furta komai ba sai tasbihi.

Mun bar Gwandu a hutun Disamba na 2022, watanni kaɗan bayan an sake buɗe iyakar Kamba. Muka biya ta Kalgo don yi wa surukaina sallama. Tambayar farko da surukata ta yi ita ce, "Mi za ku sawo?" A wajenmu ba a zuwa Kwatano sai don mota, ko atamfa, ko dilar gwanjo. Da ta ji cewa teku kawai za mu gani, sai ta yi shiru, sannan ta tashi ta ƙulla mana kilishi da dakuwa da yaji, ta ce wa ɗiyarta, "Ki riƙe addu'a, ruwa ba shi da aboki."

Daga Kalgo muka bi ta Bunza zuwa Kamba, muka shiga Gaya ta Nijar, muka haye gadar Kwara zuwa Malanbil, inda buhunan albasa suka sa na ji kamar ban bar gida ba. Daga nan zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Paraku. Wannan ƙasar Bargu ce, wadda fataken Hausa suka riƙa ratsawa da jakuna zuwa Gwanja neman goro. Su sun yi watanni a ƙafa, mu muna zaune a bas. Ban da zama da shingayen duba takardu, babu abin faɗa a hanyar.

Da dare muka isa, wani yaron tasha ya kai mu masaukin da ya rantse babu kamarsa. Allah Ya kiyashe ku da irinsa. Ɗakin yana warin danshi, famfo ba ya kawo ruwa, fanka tana juyawa ba ta ba da iska. Mun baro hunturu a Gwandu, mun zo inda zufa ke tsatsafowa da tsakar dare. Bango ɗaya ne tsakaninmu da mashaya, kiɗa kuwa bai tsaya ba sai gab da asuba, sauro ya karɓi aiki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin buta. Na yi wa mai jiran wurin bayani da Hausa, na yi da Turanci, shi kuma Faransanci kawai yake ji, a ƙarshe ya kawo mini kofin shan shayi. A ƙasarmu ko rumfar mai faci ka shiga za ka tarar da buta da tabarma. Maiɗakina ta kwana a zaune, da asuba ta ce, "Malam, mu nemi 'yan'uwanmu."

Neman bai yi wuya ba. Kusan kowane babban gari a wannan gaɓa yana da Zango, na Kwatano kuwa a tsakiyar birni yake. A masallaci bayan azahar na gaisa da wani dattijo mai sayar da yadi. Da ya ji na ce Gwandu, sai ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce kakansa daga ƙasar Kabi ya zo da fatauci, shi a nan aka haife shi, kuma burinsa kullum ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Hausarsa ta gauraya da Faransanci da Dandanci, amma gaisuwarsa ta gida ce tsaf, sai da ya tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi. Ya ce, "Ɗana, mutumin garin Mai Gwandu ba ya kwana a otal ina raye." Kafin la'asar 'ya'yansa sun kwaso kayanmu. Hajiyarsa ta karɓi maiɗakina, ta ba ta ɗaki mai gidan sauro, da dare aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Da na yi maganar kuɗi, fuskarsa ta canza, ban sake ba.

Shi ya haɗa mu da ƙaramin ɗansa ya zama idonmu da bakinmu. Kwatano garin babura ne. 'Yan kabu-kabunsu, da ake kira zemijan, sanye suke da riguna ruwan ɗorawa masu lamba a baya, tsarin da na so a ce namu sun ɗauka. Sai dai maiɗakina ta ce ba za ta hau bayan namijin da ba ta sani ba cikin wannan cunkoso, don haka tasi muka riƙa ɗauka, aljihu ya ji a jikinsa. A kasuwar Dantokpa, wadda a lokacin take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, mata ne ke riƙe da ciniki, kuma ba su san "albarka" da "Allah Ya ba da kasuwa" ba. In ka taya ƙasa, kallon da za a yi maka ya ishe ka.

Da yamma muka je bakin teku a Fijirose. Tun kafin ka gan shi kake jin rugugin sa. Yaron ya gargaɗe mu cewa igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja ta ƙasa, tana cin ko gwanin iyo, saboda haka iyakarmu jiƙaƙƙen yashi. Duk da haka wata igiya ta zarce 'yan'uwanta, ta jiƙa maiɗakina har gwiwa, ta tafi da takalminta ɗaya. Ta tsorata, sannan ta yi dariyar da na daɗe ban ji irinta ba. Wata mai sayar da kwakwa ta ara mata silifa, ta sare mana ɗanyar kwakwa muka sha ruwanta, muka kankare farin da ɓawonta. Zanen da ya jiƙe kuwa ya wuni a igiya bai bushe ba, abin da a Gwandu ba zai kai sa'a guda ba.

Wata safiya muka tarar da masunta suna jan taru daga teku. Maza da mata da yara sun jeru a kan igiya, suna waƙa suna ja da baya taki ɗaya, tamkar gayyar noma a ƙauyukanmu. Na kama igiyar na ɗan taya su, aka ba ni kifi biyu. Hajiya ta soya mana. Gaskiya ɗaya ce, kifin teku bai kama ƙafar giwan ruwa ko tarwaɗar gulbinmu ba. Amma abarbarsu, doguwa mai farin ciki, ban taɓa shan mai zaƙinta ba, haka ma wagashi, cukun Fulanin arewacin ƙasar, in an soya shi an barbaɗa masa yajin Kalgo.

Wuri ɗaya ne ya canza mini kallon tekun. A Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4 daga gari zuwa gaɓa, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa da waɗanda suka fita ba su dawo ba. Cikinsu akwai Hausawa. A Bahia ta Brazil, bayi Musulmi sun yi bore a watan Ramadan na 1835, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutanen da suka san allo da tawada ne, irinmu. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, muka koma mota babu mai magana.

Sauran kwanakin ba su da wani sabon abu. Mun ga mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a shekarar, mun sayi tsaraba, muka kamo hanya. Dattijon ya rako mu tasha da ƙunshin goro, na yi masa alkawarin masauki duk ranar da ya zo ziyara.

Kirana ga magidantan Gwandu da Kalgo shi ne: tafiya ba ta fatauci kaɗai ba ce. Wanda Allah Ya hore masa, ya ɗauki iyalinsa su ga ikon Allah tare, ya tanadi takardunsa da katin allurar shawara, kuma in ya isa ya fara da masallacin Zango. Mu kuma da ke gida, mu riƙe baƙo yadda aka riƙe mu.