Hurumin Gari Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kwanan baya wasu mutanen kirki suka zo mana da albishir cewa an ware mana fili a gefen Birnin Gwari domin mu gina makarantar Islamiyya. Da muka je dubawa sai jikinmu ya yi sanyi, gama wurin nan ne hurumin da muke yo itacen wutar karatun dare muna almajirai. Yanzu an yanka shi fuloti-fuloti, ɗorawa uku kaɗai suka rage a tsaye. Muka roƙi a ba mu lokaci, muka koma ga littattafai.

Shari'a ta san abin da Larabawa ke kira hima, watau ƙasar da shugaba ya keɓe domin amfanin jama'a duka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina. Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, sa'an nan ya umarci mai tsaronta, Hunayyu, da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan, domin su mawadata ne, in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Imamu Malik ya kawo wannan a cikin Muwaɗɗa. Ashe tun farko an kafa hurumi ne domin kare mai rauni.

To, mu dubi namu. A shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Da tsaro ya yi rauni sai ɓarayin shanu suka mai da shi mafaka, ƙauyuka suka watse, mutanensu suka kwararo cikin gari. Kowa yana neman wurin sa haƙarƙarinsa, fili ya yi tsada, sai idon masu kuɗi da masu iko ya koma kan hurumi da burtali. A ɗaya gefen kuma motoci suna ta jigilar gawayi da katako zuwa Kaduna.

Mun ji masu cewa a sare dajin kowa ya huta. Ba mu raina zafin da ya sa su faɗin haka ba, gama mu ma mun sallaci gawawwakin 'yan'uwanmu. Amma doka da kirya ba su taɓa ɗaukar bindiga ba. Sakaci ne ya ba ɓarawo daji, in kuwa aka share shi, rafi zai ƙafe, makiyayi ya rasa makiyaya ya faɗa gonar manomi, a sake sabuwar fitina. An yi sulhu a watan Nuwamba na 2024, aka buɗe kasuwar shanu. Sai dai zaman lafiya shi ma yana buɗe hanya ga mai gatari.

Saboda haka muka mayar da takardar filin tare da godiya, ko da yake yaranmu har yanzu a zaure suke karatu, kuma wasu iyaye sun ji haushinmu. Ba mu ga yadda za mu koyar da haramcin ƙwace a kan ƙasar jama'a ba. Muna kira ga masarauta da ƙaramar hukuma da su shata iyakar hurumin da ya rage, su sanar da ita a masallatan Juma'a domin kowa ya zama shaida. Mu malamai kuma mu kula da kyautar da ake miƙo mana.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Wassalamu alaikum.