Alhaji, Ina Mastan Fim Ɗinka?

A shekarar 1976 marigayi Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya fim ɗin ya ɓace ɓat, har masu nemansa suka fid da rai. Sai a 2016 aka tsinci zarensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas, ƙura ta lulluɓe gwangwanayen. Aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shekara 40 yana kwance ba mai duba shi, amma da aka tashe shi sai ya tashi.

To mu fa? Tun daga Turmin Danya na 1990 finafinanmu a kan kaset ɗin bidiyo suka taso, suka koma ƙaramin kaset na kyamara, suka koma faifan CD. Yau idan ka tari furodusa ka ce, "Alhaji, ina mastan fim ɗinka?" amsar ɗaya ce: "Yana cikin had-disk." Ya faɗa hankalinsa kwance, kamar wanda ya kai kuɗi banki. Ni kuwa mai karatu, abin da idona ya gani ya sa duk lokacin da na ji wannan amsa sai gabana ya faɗi, domin faifan ajiya na kwamfuta ba shi da haƙurin zaren Shaihu Umar.

Shekaru ke nan ina tara tsofaffin kaset-kaset, wasu na saya a Ƙofar Wambai tun ana yayinsu, wasu kuma masu su ne suka ba ni amana. Ina juye su ɗaya bayan ɗaya zuwa wata tsohuwar kwamfuta da ɗan ƙanwata ya mayar mini rumbun ajiya a gida. Ba ta da aikin komai sai riƙe fayil, duk wata waya ko kwamfuta da ke gidan tana iya ɗauko abu daga cikinta. Ya sa mata faifai 2, kowanne terabait 4, ya haɗa su irin haɗin da ake kira RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya sai an rubuta shi a ɗayan, kamar mutum da madubinsa. Wurin kuwa ana buƙatarsa, don awa 1 ta hoton ƙaramin kaset na kyamara tana cin kusan gigabait 13. A ciki akwai finafinai, akwai hirarrakin da na yi da dattawan sana'ar, akwai kuma littattafaina da ban kai ga bugawa ba.

Cikin waɗanda suka ba ni amana har da wani tsohon furodusa da ya bar harkar tuntuni. Fim ɗaya ya taɓa yi, ya ba ni mastansa na juye, daga baya danshin damina ya cinye kaset ɗin a ɗakinsa. Rannan ya kira ni ya ce, "Malam, 'yar wajena za a kai ɗaki. Marigayiya mahaifiyarta ta fito a fim ɗin nan kafin in aure ta, yarinyar kuwa ba ta taɓa jin muryar uwarta da wayonta ba. Ka saka mini shi a filashi in haɗa mata cikin kaya." Na ce, "An gama, Alhaji."

Da na buɗe fim ɗin sai ya fara lafiya lau. Wajen minti na 40 hoto ya farfashe, ya daskare, kwamfutar ta yi shiru, can kuma na ji wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin rumbun. Na leƙa sauran wuraren. Folda guda ta hirarraki babu ita babu alamarta. Wasu fayiloli 3 sunansu na nan, amma nauyinsu sifili, kamar buhun da aka zazzage.

Na kira ɗan ƙanwar tawa. Kafin in gama bayani ya katse ni: "Kawu, don Allah kada ka taɓa komai. Kada ka goge, kada ka kwafa wani abu a ciki, kada ka danna inda aka ce gyara. Kashe ta kawai, ga ni nan zuwa." Na ce, "Kai yaro, abin har ya kai haka?" Ya ce faifan da ya fara ciwo kamar tsohon kaset ne da ya fara cin zare, duk juyin da ka ƙara masa ɓarna kake ƙarawa.

Da ya zo ya yi mini bayanin abin da ke cikin ƙarfen nan da muke damƙa wa dukiyarmu. Faya-fayai ne masu sheƙi suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti 1, ga wani ɗan hannu mai kan allura yana shawagi a samansu, tazarar da ke tsakani ba ta kai ko kusa da kaurin gashi ba. An yanka fuskar faifan gurbi-gurbi, a nan ake rubuta komai. Zafi, girgiza, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu, ko tsufa kawai, kowanne na iya kashe gurbi. Ka tuna da zafin Kano a watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, ka tuna da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ka tuna yadda ake wasa da wuta a unguwanninmu, sai ka ga faifan da ke aiki a nan ba ƙaramin jarumi ba ne.

Abin da ya burge ni shi ne bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya ce ɓatan fayil iri-iri ne, kuma kowanne da maganinsa, don haka sai an tambayi na'urar tukuna. Ya fara da littafin da kwamfutar ke rubuta duk abin da ya same ta, da rana da lokaci. A nan muka ga abin mamaki: mako 5 da suka wuce, a wani dare da aka yi ta kawo wuta ana ɗaukewa, faifai na farko ya daina amsa kira, sai kwamfutar ta cire shi daga haɗin ta ci gaba da aiki da na biyu shi kaɗai. Haka aka gina ta ta yi, don kada aiki ya tsaya. Ashe duk tsawon makonnin nan madubin ya fashe, ita kuwa tana ta miƙo fayil kamar ba abin da ya faru.

Daga nan ya koma kan su faya-fayan. Kowane had-disk yana da wani tsari a cikinsa mai suna SMART, wanda ke ƙirga lafiyarsa da kansa, ana karanta shi da manhaja irin su smartctl ko CrystalDiskInfo, duk kyauta ne. Layuka ne masu lamba, amma ya ce in riƙe 4. Lamba 5 tana ƙirga guraben da suka mutu aka musanya su da na ajiya. Lamba 197 guraben da faifan ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za ta kaya. Lamba 198 waɗanda suka gagara gyaruwa. Lamba 199 kuwa kurakuran da ke faruwa a hanya, tsakanin faifai da kwamfuta, kuma yawanci laifin waya ne ko bakin da aka soka ta.

Faifai na farko, wanda aka kora, 5 da 197 da 198 duk sifili, amma 199 ta haura ɗaruruwa. Ya zare wayarsa ya nuna mini, bakinta ya saki, ƙura ta cika shi. Ya sa sabuwa. Lambar ba ta koma sifili ba, ya ce ba ta komawa har abada, abin dubawa shi ne ta daina hawa, kuma ta daina. Faifai na biyu, wanda muke ta dogaro da shi, lamba 5 ta nuna 48, lamba 197 ta nuna 16. Wato mai lafiyar aka kora saboda wayar da kuɗinta bai kai na katin waya ba, aka bar majinyaci yana ɗaukar kaya.

Wani abin haushi, a saman rahoton wannan majinyacin an rubuta cewa ya ci jarrabawar lafiya. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan layin ba ya cewa an faɗi sai faifai ya kusa shiga kabari. Lambobin ƙasa ake karantawa." Ya ba ni labarin binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya fara musanya gurbi ko sau 1, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye fiye da sau 14. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba ko ɗaya. Ma'ana idan ya yi maka gargaɗi ka yarda da shi, idan ya yi shiru kada ka saki jiki.

A nan ne muka zo wurin da mutane da yawa ke yin asara da hannunsu. Kwamfutar tana ba da zaɓin a mayar da faifai na farko cikin haɗin. Ga mai kallo wannan shi ne gyara. Amma a wurinta faifai na biyu ne mai sabon labari, don haka za ta iya kwashe abin da ke kansa, har da ɓarnar, ta shimfiɗa a kan lafiyayyen. Fim ɗin Alhaji kuwa tsohon fayil ne, an juye shi shekaru kafin madubin ya fashe. Sai yaron ya ɗauki faifai na farko ya haɗa shi da wata kwamfuta ta hanyar da za a karanta kawai ba za a rubuta ba. Muka buɗe fim ɗin. Minti na 40 ya zo ya wuce, marigayiya ta shigo da tire a hannu tana magana, har zuwa ƙarshe ba gargada. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Saura aikin mako 5 da ke kan majinyaci shi kaɗai. Muka sayo sabon faifai, ya yi amfani da wata manhaja mai suna ddrescue. Dabararta ita ce ta fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake wuraren ciwo, sai a ƙarshe ta dawo tana lallaɓa su ɗaya-ɗaya. Ta kwana 2 tana yi, da batiri a gefe saboda wuta. Duk wani gyara a kan kwafin aka yi shi, ba a taɓa na asalin ba. Foldar da ta ɓace ashe jerin sunayenta ne ya faɗa kan mataccen gurbi, fayilolin na nan, muka same su an jibge da lambobi maimakon suna, na zauna ina saurare ina raɗa musu suna. Ya ce da abin ya fi haka muni akwai PhotoRec, mai tsinto fayil daga faifan da jerinsa ya lalace gaba ɗaya. Fayiloli 3 masu nauyin sifili kuwa wuta ce ta yanke ana cikin rubuta su, na sake juye kaset ɗinsu. Abin da ya tafi shi ne kusan minti 4 a tsakiyar hirata da wani dattijon mai ɗaukar hoto, daidai inda yake bayanin yadda suke haɗa fim da bidiyo 2 kafin zuwan kwamfuta. Na koma gidansa, ya ce, "Ɗana, abin da na tuna rannan ban san ko zai sake zuwa ba." Bai zo ɗin ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar talaka ce. A 1998 ana cikin aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin, da aka je ga kwafin ajiya aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su wata ma'aikaciyarsu ce, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Idan gemun masu miliyoyin dala ya kama wuta, ai mu sai mu shafa wa namu ruwa.

Haɗin madubi yana tsare ka ne daga mutuwar faifai guda, shi ke nan. Idan ka goge abu, a duka biyun ya gogu. Idan wuta ta zo da ƙarfi, ko ɓarawo ya shigo, ko rufi ya yi yoyo, tare za su tafi. Shi ya sa masana ajiya ke cewa kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kuma 1 ya kwana a wani gida daban. Nawa na ukun yanzu yana gidan ƙanwata a wata unguwa, duk wata ake kawo shi a sabunta a mayar. Ranar 1 ga kowane wata rumbun yana yi wa faya-fayansa doguwar jarrabawa, wadda ke ɗaukar awanni tana karanta kowane gurbi, kuma idan faifai ya fita daga haɗi saƙo na shigowa wayata. Ni ma nakan zaɓi tsohon fim guda daga kwafin ajiya in kalle shi daga farko har ƙarshe, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko yana nan ba.

Alhaji ya karɓi filashinsa, na kuma ƙara masa wani na ce ya ba ɗan'uwansa ya ajiye. Bayan biki ya kira ni ya ce yarinyar ta kalli fim ɗin sau 3 a dare ɗaya.

Kira na ga furodusoshi da editoci da marubutanmu shi ne, wannan had-disk da ke cikin durowa tun shekaru, a fito da shi a makon nan a haɗa, a karanta lambobin nan 4, a kwafe shi zuwa wani tun yana amsawa. Wanda bai iya ba ya nemi yaron da ya iya, suna nan a kowace unguwa. Allah ya jiƙan magabatanmu a wannan sana'a, ya tsare mana abin da suka bari. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.