Babbar Ruga: Inda Ake Share Hawayen Mata

'Yan uwana mata, idan kika bar birnin Katsina kika kama hanyar Batsari, ba za ki yi nisa ba za ki iso Babbar Ruga. A da asibitin kutare ne. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da wata lalurar da ba ta kau da kai, wato yoyon fitsari. Daga 1984 ya soma yi wa mata aiki. Yanzu wurin cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya.

Rakiyar wata 'yar uwata ce ta kai ni. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne mata a inuwa, kowacce da ruwan shanta, ana ta ɗirka, don shan ruwa da yawa yana wanke mafitsara bayan aiki. Allah sarki! Wasu ba su girme ki ba, ke mai karatun nan. Na kuma lura da wasu suna tafiya suna jan ƙafa, kamar takalmi zai sulluɓe musu.

Ashe yawanci doguwar naƙuda ce sila. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, sai ya danne naman mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Dannewar nan kan taɓa jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, shi ya sa ake jan ta.

To, ɗinki yakan toshe kafar, amma bai isa ya mai da ƙarfin jiki ba. A nan masu gashin ƙashi suke shigowa. Su ke koya wa mace motsa ƙafa da sake taka ta. Akwai kuma wani nama a ƙasan mara da ke tallafe da mafitsara da mahaifa, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Idan ya saki, fitsari kan zubo da an yi tari ko dariya. Ana koya wa mace ta matse shi kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan ƙirga, ta saki, kullum ba fashi. Wata kuwa nata ɗaurewa ya yi, shi ke sa mata ciwon mara da zafi wajen kwanciyar aure. Ita sakin jiki da jan numfashi a hankali za a koya mata, don ƙarin matsewa ƙarin ciwo ne. Kin ga kenan dole sai an duba mace kafin ta fara.

Kafin sallama ana gargaɗin a ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti. Iyaye da mazaje, wannan haƙurin naku ne.

Ke kuma ƙanwata, kada kunya ta cuce ki. Ciwon mara ko na ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko wanda ke hana ki zuwa makaranta duk wata, ba na dauriya ba ne. Faɗa wa Inna ko yayarki a kai ki asibiti. In kuwa kika ga naƙudar wata ta kwana ta wuni, a nemo mota, kada a jira gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.